Kowa da Wutsiyar da Baffa Ya Ba Shi

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu tattara mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Argungu, yana zaune a kan tabarma, an aje masa kunu bai kai ga sha ba. Kafin azahar an yi masa sutura. Ni daga Birnin Kebbi na taso, na iske har an tsayar da sahu, na lallaɓa na shiga na ƙarshe. Wallahi ko a cikin sallar ina jin idanun mutane a ƙeyata.

Kada wani ya ce na cika zargi, na san abin da na gani. Kwana uku ina zaune a ƙofar gidan nan ina karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa. Mutum zai zo ya durƙusa ya ce Allah shi jiƙan shi, sai ya ɗan saci kallona don ya ji ko amin ɗina ta fito da ƙarfi. Wani dattijo ya yabe shi har da share hawaye, sannan ya gyara murya ya ce Allah shi yafe abin da yag gabata, ya sake kallona. Mutum huɗu suka tambaye ni ko Inna, mahaifiyata, ba ta samu zuwa ba, kuma duk huɗun sun san amsar tun kafin su buɗe baki. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, da ya zo daga Augie tun ranar farko da warin albasa a rigarsa. Ya zauna gaba-gaba, ya ce mu dai namu ɓangaren mun yafe masa duniya da lahira. Kowa ya ji, kowa ya gyaɗa kai.

Inna kuwa ba ta zo ba. Lokacin da na faɗa mata rasuwar a gidana na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, inda take zaune tare da mu, tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ce Allah shi jiƙan Musulmi, ta ci gaba da tsintarta. Shekara ashirin da biyu ke nan ba ta taka gidan Baffa ba, ba ta kuma ci abin da ya fito daga gidansa ba, ko naman layya ne sai ta miƙa wa maƙwabta. A wurinta, da wurin rabin garin, Baffa shi ne mutumin da ya kashe wa ƙanensa aiki da takarda. Ni ma haka na ɗauke shi har ranar da muka binne shi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Baffa bai yi boko mai nisa ba. Masinja ya fara a wani ofis, yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, a kan hanya kuma yana buɗewa yana leƙawa. Da haka ya gane abin da masu digiri ba su cika son faɗa ba, cewa Turancin ofis ba shi da wani yawa, 'yan jimloli ne ake ta juyawa. Ya kwafe su a wani littafi mai baƙin bango, ya haddace su tas, har aka mai da shi mai buga tafireta. Da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar tafireta ya aje a zaurensa kusa da kasuwa, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Yakan ce Turancin wasiƙa tandar masa ce, gurabun nan ne kullum, ƙullun ne kawai naka. Shi ya sa kowace jimla gurbi yake ce mata, kowane gurbi kuma da lambarsa da sunan da ya raɗa masa. Akwai Durƙuso, wanda ake buɗe roƙo da shi, mai nufin ina roƙo cikin ƙanƙan da kai. Akwai Tuni, na wanda ya rubuta aka yi banza da shi. Akwai Aike, mai cewa an umarce ni in sanar da kai. Wanda ya fi tsana shi ne Ba-mai-shi, mai cewa an yanke shawara.

Shi da ya ci abinci da Turanci, ban taɓa ganin wanda ya ƙi amince masa kamarsa ba. Kowace takarda ta shigo unguwa wurinsa ake kai ta. Zai ɗora tabarau ya karanta a zuci, ya fassara ta yadda take, sannan ya cire tabarau ya ce to, yanzu ga abin da take nufi. In ta ce za a duba, sai ya ce wa mai ita ya je ya nemi wata hanya, kada ya zauna jira. In ta ce an yanke shawara, sai ya dinga buga takardar da yatsa.

"Wa yay yanke? Shawara ba ta yanke kanta. Wanga yare an gina shi yadda mutum zai mare ka ba ka ga hannu nai ba."

Zargin nasa bai tsaya kan takarda ba. Ko Hausa kake yi, in ya ji ƙirar Turanci a cikinta, ya fara yi maka kallon gefen ido ke nan. Wani jami'in gona ya taɓa tara manoman shinkafa kan maganar taki, da aka matsa masa ya ce zai dawo gare su. Baffa ya tashi ya kaɗe riga ya ce kowa ya je ya nemi kashin shanu, takin nan ba ya zuwa. Bai kuwa zo ba. Haka saurayin 'yarsa ta biyu, ma'aikacin banki, ya zo gaisuwa ya fara da cewa yana so ya yi amfani da wannan dama ya bayyana aniyarsa. Baffa ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce ya tashi ya tafi, in ya samo abin da ke bakinsa da Hausa ya dawo. Bawan Allah ya yi mako guda yana zufa. Da ya dawo ya sunkuyar da kai ya ce yana son yarinyar, shi ke nan, aka ba shi. Yana cikin waɗanda suka yi wa Baffa wanka.

Duk da haka yana koyar da gurabun nan, don ya ce wanda bai san su ba da su ake cin sa. Bayan la'asar zauren kan cika da manya masu gemu: direbobi, masu kifi, 'yan albasa, masu shago. Ba ya koyar da nahawu, ba ruwansa da shi. Ka haddace gurbi, ka san inda ake zuba suna da inda ake zuba buƙata, ka wuce na gaba. In ka gama duka sai ya ja ka lungun zaure kai kaɗai, ya ba ka jimlar rufe wasiƙa a 'yar takarda. Wutsiya yake ce mata. Zai ce ka haddace ka yaga, kada ka bari wani ya kwafa, kowa ya sha wuyarsa ya iso nan. Ni ma a hutun makaranta na zauna gabansa, tawa wutsiyar tana nufin ina jiran amsarka da kyakkyawan fata. Da ita na rufe takardar da ta samo mini aikin da nake ci har yau.

Ɗalibansa ba su bar gurabun a takarda ba, da su suke raha a kasuwa. Mai kifi zai zuba maka Durƙuso da Turanci kafin ya ce ka ƙara wani abu. Direba zai yi wa fasinjan da ya makara Tuni. Kawu ma ya yi karatun zauren, kuma shi ya fi kowa abin dariya. Duk sanda zai tashi daga gidanmu sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya sara kamar soja, ya zuba wata jimla da Turanci mai nufin na bar maganar a hannunka mai albarka, ya rufe da “sa” mai ƙarfi. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki, amma tana dariya har ta riƙe ciki. Shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, ba ta da wani ɗan'uwa sai shi. Ni na ɗauka a tashar mota ya tsinto jimlar.

Baba kuwa hedimasta ne a wata firamare a Birnin Kebbi, mutum mai taurin kai kan doka. Ko Kawu da ya roƙi ya zuba albasarsa a azuzuwa lokacin hutu, hana shi ya yi, ruwan farko ya same ta a fili ta ruɓe. Kawu ya yi dariya ya ce hedimasta ke nan, aka wuce wurin. Rigimar da ba ta wuce ba ita ce ta fadamar gado. Baba yana so a raba kowa ya san tasa, Baffa ya ce ba a tsaga gonar ubansu yana da rai. Suka yi cacar baki a gaban mutane, har Baffa ya nuna shi da yatsa ya ce ya bi shi a hankali, ya san ƙofar ofishin da yake taƙama da shi. Wannan maganar na ji ta da kunnena.

Wata biyu bayan haka takardar koke ta shiga ofishin su Baba, ba suna, sai dai wai iyayen yara masu kishi. Aka ce yana kwashe ɗalibai a lokacin karatu yana kai su aikin gonarsa. Ƙarya ce. Sau ɗaya ya kai 'yan aji shida su ga yadda ake dashen shinkafa, a darasin noma. Wani abokinsa da ya leƙa shafin farko ya zo har gida ya ce masa da Durƙuso aka buɗe, gurbi na bin gurbi, ko daga nesa aka karanta an san Turancin yayansa ne. Aka rage wa Baba matsayi, aka tura shi wani ƙauye a hayin gulbi, inda in damina ta zauna sai da kwalekwale. Shekara uku ya yi can, ya dawo da ciwon da bai tashi ba.

Kafin ya tafi ƙauyen ya je ya sami Baffa ya tambaye shi. Baffa ya ce ba shi ba ne, ya kuma rantse sai ya gano mai ita. Ya hau mota ya zo Birnin Kebbi, ya yini a ofishin wurin tsofaffin abokan aikinsa. Da yamma ya biyo gidanmu, duk muka zuba masa ido. Ya zauna, ya sha ruwa, ya kalli Inna, ya kalli Baba, ya ce a bar maganag ga. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Inna ta ce wa Baba a gabansa, wanda aka yi wa ƙage ba ya cewa a bar magana. Washegari Baffa ya rufe karatun zaure, bai ƙara koya wa kowa ko gurbi ɗaya ba. Mu muka ce kunya ce ta kama shi.

Ranar da Baba ya rasu Baffa ya zo, Inna ta rufe ƙofar ɗakinta har ya tafi. Ya ci gaba da noma fadamar, kowace kaka kuma sai ya aiko da rabon Baba, buhu-buhu. Inna ba ta bari a shigo da su, daga bakin ƙofa ake rabar wa mabuƙata. Ya san haka ake yi, bai fasa aikowa ba ko shekara ɗaya. Ni a raina cewa nake yi yana sayen yafiya ne da shinkafa. Haka zuciyata take, ba zan ɓoye ba.

Bara da jikinsa ya fara tsanani ya sa aka kira masa ni a waya. Ya ce in zo yana son ganina. Ina ofis, bakina ya saba, sai na ji na ce masa zan duba yiwuwar zuwa. Sai ya ce mini:

"Gurbi na sha ɗaya ke nan, ɗana. Ni nak koya maka shi. Ka tuna sunan da nis sa mai?"

Na tuna. Korar-baƙo yake ce masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce Allah shi yi mini albarka, ya aje wayar. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, kuma ban je ba. Wannan yana ci mini rai, kuma zai ci gaba da ci.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a, wata dattijuwa 'yar kudu ta sauko daga keke mai ƙafa uku. Tana da shagon kwanuka a Birnin Kebbi, amma a Argungu ta fara kasuwanci, Hausarta kuwa ta Kabawa ce tsantsa. Kafin ta shiga wurin mata ta tsaya ta gaishe mu. Ta ce Malam ne ya koya mata wasiƙa, ita kaɗai ce mace a zauren, daga bakin ƙofa take zama. Da wasiƙar da ta rubuta da hannunta ta tsirar da rumfarta lokacin da aka so tashin layinsu. Tana hawaye ta ce har yau ba ta manta ba, ta fara jero gurabun da Turanci tun daga Durƙuso, tsofaffin da ke kan tabarma suna bin ta a hankali kamar masu bita. Da ta kai wutsiya sai ta faɗi wata jimla mai nufin Allah ya ƙara wa ofishinka daraja.

Wani tsohon direba ya ce a'a Madam, nan kin yi kure, ba haka aka rufewa ba, ya faɗi tasa. Mai kifi ya ce ku duka biyun kun manta, ya kawo wata daban. Aka juyo gare ni a matsayin ɗan boko in raba gardama, ni kuma tawa ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Mutum bakwai, wutsiya bakwai. Aka yi dariya a zaman makoki har liman ya yi gyaran murya. Kawu ba ya wurin, tun ranar biyu ya koma Augie saboda kasuwa. Ni dai dariyar ba ta kama ni ba. Na san Baffa, ba ya yin abu don ado.

Na shiga cikin gida wurin matarsa, tana zaune a ɗakin takaba da carbi a hannu. Na tambaye ta ko littafin nan mai baƙin bango yana nan. Ta jawo shi daga ƙarƙashin katifa, a naɗe cikin leda. Ta ce ya bar wasiyya, in na zo da ƙafata na tambaya ta ba ni, in har aka yi arba'in ban tambaya ba ta sa masa wuta.

Gaban littafin gurabun ne da na sani. A bayansa kuwa sunayen duk wanda ya taɓa gama karatun zaure ne, kowane suna da wutsiyarsa a gefe, babu biyu iri ɗaya. Matar tasa ta ce tun farko haka yake yi, don ya ce abin da yake koyarwa yana iya cutarwa, in wata rana ya yi ɓarna yana so ya san hannun. A tsakiyar shafukan akwai takarda a ninke, ta yi ja don tsufa. Kwafin koken da aka kai Baba ne, shafi biyu. Abokin Baba na farkon kawai ya gani. A ƙasan na biyun an ja layi da jan biro ƙarƙashin jimlar ƙarshe. Ban buƙaci duba jerin sunayen ba, don tun ina karantawa nake jin muryar da ke faɗar ta a bakin ƙofarmu, har da sarawar. Amma na duba, sunan Kawu ne.

Kun san abin da na fara yi? Zargin mamacin na sake yi. Na ce ko shi ya buga wannan daga baya don ya wanke kansa. Na fito da takardar haske, na duba hatimin ofis, na duba sa hannun magatakarda, na duba bakin tafiretar, na ga ba irin tasa ba ce, tasa tana cin wasu haruffa. Sai da na rasa inda zan kama shi sannan na zauna a ƙasa. Shekara ashirin da biyu, saboda albasa.

Na tambayi matar tasa me ya hana shi faɗa. Ta ce ita ma ta yi masa wannan tambayar har ta gaji. Ranar da ya dawo daga Birnin Kebbi ya ce mata ya shiga gidan ƙanensa da takardar a aljihu, da niyyar ya shimfiɗa ta a gabansu. Sai ya ga Inna ta kawo masa ruwa, ya tuna halin Baba.

"Yac ce, in na hwaɗi, ƙanena sakin matatai zai yi ranan nan, ɗiya su tashi ba uwa cikin gida. In na yi kurum, ni ɗai ka shan ta."

Na ce to bayan Baba ya rasu fa? Ta ce ta tuna masa, ya ce mijin matar nan ya tafi, ba shi zai ƙwace mata ɗan'uwan da ya rage mata ba. Ko Kawun ma, Baffa bai taɓa nuna masa ya sani ba. In sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sukan gaisa, Kawu ya sara masa ya zuba masa jimlar nan a fuska, Baffa ya ce madalla, karatu ya zauna.

Na dawo Gesse da la'asar da littafin a jaka. Duk hanya ina shawara da kaina. In na yi shiru, Inna za ta mutu tana ƙin mutumin da ya tsare mata aure. In na faɗa, na rushe abin da ya yi shekara ashirin da biyu yana tallafe da shi. Na iske ta a tsakar gida tana yankan kuɓewa. Na zauna na ce mata na ga takardar koken da idona, kuma ba Baffa ne ya rubuta ba. Ba ta ɗago ba, ta ce wa ya rubuta. Na ce ai ana kan duba lamarin, ba a kai ga tabbatarwa ba tukuna. Sai ta aje wuƙar.

"Kai ma ka koma Turanci? Ni ban yi boko ba, amma na zauna da masu ita. Karanta min ita yadda take."

Na ce da Turanci take, ba za ta gane ba. Ta ce ta sani, in karanta. Na karanta shafin farko, tana saurare kamar mai jin ruwan sama a kwano. Na shiga na biyu, ina rage murya, ina fatan ta ce ya isa. Ba ta ce ba. Na karanta jimlar ƙarshe a gurguje, ban sara ba, ban ɗaga murya a “sa” ɗin ba. Duk da haka na ga hannunta ya tsaya cak a kan kuɓewar. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ba ta tambaye ni ma'anarta ba, ba ta kuma tambaye ni suna ba.

Sannan ta tashi ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta, ta ce in kai ta Argungu yanzu. Na ce rana ta yi sanyi, mu bari sai safe. Ta ce ta riga ta makara da shekara ashirin da biyu, ba ta ƙara kwana. Mazan da ke ƙofar gida suka bi ta da kallo, wasu har da miƙewa tsaye. Ta wuce kai tsaye ɗakin takaba, ta durƙusa gaban matar Baffa, tsohuwa gaban tsohuwa, ta fashe da kuka. Da aka kawo tuwon shinkafa aka aje, ita ta fara sa hannu. Shinkafar fadamar nan ce, karon farko da ta shiga bakinta tun lokacin rigimar.

Ban san ko na yi daidai ba. Wani lokaci in ce ai shi ya bar mini littafin, wani lokaci in ce ya bar shi ne don in sani ni kaɗai in riƙe, kamar yadda ya riƙe. Na dai san ba ni da ƙashin bayansa. Ban ambaci sunan kowa a nan ba, wanda ya gane ya gane, kuma ina roƙonsa ya bar maganar inda Baffa ya so a bar ta.

Juma'ar da ta biyo Kawu ya zo gidana kamar yadda ya saba in ya shigo gari. Na zuba ido in ga abin da Inna za ta yi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa abinci da ruwa, ta tambayi iyali da kasuwa. Ya ci ya ƙoshi, ya ce ya ji ta je Argungu, ai ta kyauta, yafiya ita ce ta Musulmi. Ta ce haka ne. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu zai sara, ya buɗe baki ya fara jimlar tasa.

"Yaya," in ji Inna, ba ta ko ɗaga murya ba. "Yi min sallama da Hausa. Wagga na riga na ji ta a takarda."

Hannunsa ya tsaya a tsakanin kafaɗa da goshi. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya kalli littafi mai baƙin bango da ke kan tagar falo. Ya sauke hannun a hankali, ya laluba takalmansa, ya ce sai an jima da wata murya da ban san shi da ita ba. Inna ta ce ya gaida gida, ta kwashe kwanukan ta shiga madafa. Na daɗe ina jin ƙarar ruwa a kan kwano ɗaya.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, wanda ya yi shiru don gidan ƙanensa ya tsaya. Ka yafe masa zafin bakinsa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Baba a inda ba a buƙatar takarda kafin a san gaskiyar mutum. Mu kuma da muka zarge shi muka ci gaba da cin abinci da abin da ya koya mana, Ka yafe mana. Baffa, ka kira ni na ce zan duba. Ga ni na zo, da Hausa: na zalunce ka, ka yafe mini.